Wuta Ta Biyu

Man suyar kifi ne ya zana ni
a Valparaiso, bara waccan:
daga wuyan hannu har gwiwarsa,
ja, sannan baƙi, sannan dabbare-dabbare.

Yau Likita Riquelme ta rufe idona da baƙin tabarau.
Ƙyas. Ƙyas.
Kamar an ja roba an sakar min a fata.
Ƙaurin gashi ya tashi, cikina ya tuno kaskon.

"Haske ne kawai, Ximena."
Ai wuta ma haske ce, likita.

Zuwa na huɗu, tabon ya soma koɗewa.
An hana ni rana,
ni da aka haifa a bakin teku.

Jikata Maite ta bi hannuna da yatsa,
ta ɓata rai:
"Kaka, ina tsibirina ya tafi?"