Ciki da Falo a Badariya

Na iso Birnin Kebbi bayan la'asar,
jaka a kafaɗa, buhu a ka,
jijjigar hanyar Bachaka tana nan a ƙuguna.
Dillali Na-Allah ya miƙo makulli biyu:
ɗaya na buɗe ɗaki,
ɗayan ya ce in riƙe dai,
shi ma bai san ƙofarsa ba.

Bango shuɗi ne, ya koɗe.
Wanda ya tashi ya bar mini gado:
ƙusa uku, rabin madubi,
da zanen gawayi a gefen ƙofa
inda ya riƙa auna tsawon ɗansa.
Na durƙusa na gwada da tafin hannu,
Lawalina ya ɗara shi da yatsa biyu.

A Dogon Dutsi Mushe ake ce mini,
in na shiga aji yara su miƙe tsaye.
Na gaya wa maƙwabcina haka,
ya yi dariya har ya dafa bango:
"Malam, a nan mushe ungulu ke ci."
Nono ɗaya harshenmu ya sha, ni da shi,
amma iyaka ta ratsa tsakiyarsa.

A kasuwa na nemi matala, aka yi shiru,
sai da na karkata kai bisa hannu
wani yaro ya ce, "Katifa yake nufi."
Na tambayi so na ɗiban ruwa,
mai shago ya gyara hula:
"So ba na sayarwa ba ne, ga dai bokiti."
Kowane farashi sai na mai da shi sefa a zuci,
leɓe na motsi kamar mai lazimi,
kafin in taya.
Sun gane ni tun kafin in buɗe baki.

Ɗantani kafinta ya haɗa mini tebur,
ƙafa uku sun yarda da juna, ta huɗu ta ƙi.
Na ninke tsohuwar takardar jarrabawa
na cusa mata, ta haƙura.
A kai na jera ƙamus, alli, jan biro,
kayan koyar da Faransanci
ga yaran da ba su roƙe ni ba.

Daren farko aka ɗauke wuta.
Sauron fadama suka zo barka da zuwa,
dangi guda, babu wanda ya aiko uzuri.
Ina fifita da murfin kwali
sai ga sallama a bakin ƙofa:
jikar Inna Kulu da kwano a rufe,
tuwon shinkafa, miyar kifi da zafinta.
Ni ɗan gero ne, cikina ya san haka,
amma na suɗe har yatsa.
Kwano ba ya komawa fanko;
na kwance ƙullin da uwata ta ɗaure,
na sa cuku uku na mayar.

Zuwaira ta kira, layi na yankewa:
"Akwai taga ta gabas?
Ina zan kafa murhu? Ruwan da gishiri?
Ka bar mini kusurwa, turmina zai zo."
Na ce na bari.
Sai an yanke gero za su taso.
Kusurwar tana nan, kullum ina share ta,
ko takalmi ban taɓa ajiyewa ba.

Yau kwana goma sha tara.
Ɗan garuwa ya daina tambayar ƙofata.
Ladanin unguwa mai shaƙewar murya
na fara tashi kafin ya yi tari.
Jiya na sayi albasa ban juya kuɗin ba,
sai a hanya na tuna, na tsaya cak,
kamar wanda ya manta sunan ƙanensa.

Makullin nan na biyu
na gwada shi a kicin, a banɗaki, a akwati.
Ya ƙi.
Na rataye shi a ƙusa ta uku.
Na ari guntun gawayi wurin Inna Kulu,
na ja layi a gefen ƙofa,
yatsa biyu sama da na ɗan mutane,
na ƙara ɗaya,
don yaro ba ya jiran kaka kafin ya girma.