Katin Ukasha

Ruwa ya sauko a Agege tun asuba,
kwata ta cika ta biyo mu ɗaki.
Na naɗe tabarma, na ɗora gero kan benci,
na taɓa goshin Ukasha:
zafi kamar murfin tukunyar kunun
da nake sayarwa a bakin titin jirgi.

Bara ma haka ta fara, da yayarsa.
A tagar asibiti aka ce kuɗin ajiya tukuna.
Na kwance bakin zane,
dubu huɗu da 'yan canji masu warin manja.
Mai karɓar kuɗin ko ƙirgawa bai yi ba.
Na juyo da Sa'adatu a baya,
na tsaya kemis aka ƙulla mini ƙwayoyi uku-uku.
Sauran ba na faɗa.
Silifas ɗinta na nan ƙarƙashin gado.

Iya Modinat mai gidanmu ce ta ja hannuna:
"Tashi, ana rubuta yara a inshora."
Hausarta gutsi-gutsi, Yarbancina gurgu,
amma muka kai.
Layi har bakin masallaci.
Suka ce lambar ɗan ƙasa. Babu.
Suka ce takardar haihuwa.
Na ce a ɗakin nan ya faɗo,
ungozoma ta yanke cibi da sabuwar reza,
ita kuwa ba ta ba da takarda.
Suka ce adireshi.
Iya ta dafa ƙirji: "Gidana ne.
Ɗaki na bakwai, kusa da rijiya. Rubuta."

Sau uku muna komawa.
Kwana uku ban hura wuta ba,
masu sayen kununa suka koma wajen mai shayi.
Ran na huɗu aka ɗauki hotonsa,
ya tsuke baki kamar mai bin gwamnati bashi.

Yau ga shi a bayana, numfashi sama-sama,
danfo na tsalle cikin ramuka,
katin na ƙirjina cikin leda biyu
kada ruwan Ikko ya lashe sunansa.

Nas ta dubi hoton, ta dubi yaron.
Ta ce, "Shigo."
Hannuna ya riga ya kai bakin zane
don sabo.
Na sake shi.

Ruwan ledar na ɗiga a jijiyarsa,
ni ina ƙirga ɗakunan gidanmu.
Goma sha ɗaya.
Tagwayen Ladingo ba su da kati.
Gobe ni zan ja hannunta.