Dami

Sunaye dubu tara da ɗari huɗu
na manoman riɗin ƙasar Gagarawa,
kowa da gonarsa, da buhunansa, da bashin taki,
suna zaune a cikin kwamfutar ƙungiya
sai na kai su rumbun bayanai a Dutse.

Manhajar da na rubuta akwai ladabi.
Ta ɗauki suna ɗaya, ta yi sallama,
ta jira a amsa, ta miƙa, ta yi godiya, ta dawo.
Sabis kuwa sai a gindin tsamiyar firamare.
Daga hantsi zuwa la'asar ɗari bakwai suka shige,
batirin sola ya soma jan ido.

Inna Tasallah ta biyo da akuyarta,
ta ce me nake haƙa tun safe ban kai ruwa ba.
Na faɗa mata. Ta yi dariya har ta saki igiya.
"Talle, tururuwa ka ɗauka aiki?
Wa ke kai gero rumbu da ƙwaya?
Ɗaure shi dami."

Zuciyata ta yi zafi, na ɗaure duka,
dubu takwas da ɗari bakwai a igiya guda.
Ƙofar rumbu ta dube shi ta ƙi.
Inna ta ce, "Damin da ya fi ƙarfin wuya
a gona yake kwana."

Na kwance, na kasa ɗari biyar biyar,
sallama ɗaya, ƙofa ɗaya a buɗe,
da sharaɗin ko dami ya shiga duka
ko ya komo duka, kada zangarniya ta faɗi a hanya.
Na shida ya komo.
Barau biyu ne, na Unguwar Rimi da na bakin tafki,
magatakarda ya ba su lamba ɗaya.
Na raba su, na sake turawa.

Kafin akuya ta gama da ɓawon gyaɗa
na goma sha takwas ya wuce.

Inna ta leƙo gilashin, ita da ba ta karatu.
"Nawa sunan yana dami na nawa?"
Na duba. Gonar tana nan, buhu huɗu,
da sunan Malam Iro, shekara shida da rasuwa.

Saura kashi uku a batir.
Na rubuta Tasallah,
na aika shi shi kaɗai, da sallamarsa.