Idon Marini

Ran Asabar na goya Baba a babur,
daga Kwarbai muka nufi Sabon Gari.
Kuɗin adashin wata goma na aljihuna,
hannunsa na kafaɗata,
ƙarƙashin faratansa har yau da sauran shuni.

Shekara arba'in ya yi a bakin karofi.
Ya bar rini, rini bai bar shi ba.

A shagon Haladu talabijin biyu ne manne da bango,
kafaɗa da kafaɗa, faɗinsu ɗaya,
abu guda suke nunawa:
wani jirgin ruwa yana ratsa dare.
"Wannan filasma, wannan elsidi,"
in ji Haladu, yana kaɗa rimot kamar mai korar kaji.

Ni inci nake tambaya, da farashi.
Baba bai ce uffan ba.
Ya matsa har numfashinsa ya dusashe gilashi.
Bai dubi jirgin ba, bai dubi fitilunsa ba,
can sama ya duba, a kusurwa,
inda babu komai sai baƙi.

"Wannan," ya nuna filasma, "tsomi bakwai ya sha.
Dubi yadda daren ya zauna daram,
kamar kore da ya fito daga hannun mabuga.
Wancan kuwa sau ɗaya aka tsoma aka tsame,
aikin yaro ne mai saurin zuwa cin tuwo.
Akwai fitila a bayansa tana leƙe.
Baƙinsa toka-toka,
tsohuwar riga ce da ta gaji da wanki."

Haladu ya tafa hannu:
"Tsoho, ka fi takardar kamfani bayani!"
Sai ya yaye labulen ƙofa.
Ranar azahar ta faɗo ciki ba sallama,
nan take filasma ta koma madubi:
na ga hulata, na ga mai rake yana wucewa,
jirgin ya nitse a cikin titi.
Elsidi ko gezau, tana ta walwali.

"Taɓa bayanta," ya ce. Na taɓa filasma.
Ɗumi kamar tandar waina da hantsi.
"Cin wuta gare ta.
Ɗan injinka ba zai ja ta da fanka ba.
In ka bar ta tasha guda ta daɗe,
tambarin tashar kan zauna mata kamar tabon ƙuna."

Na tuna tagar falona mai kallon gabas,
da injin nan mai tari kafin ya tashi,
da takardar wuta da ke zuwa ko wutar ba ta zo ba.
Ido na so, aljihu na ƙi.
Na ƙirga kuɗi, aka ɗaure mana elsidi.

Baba ya rungume kwalin a tsakaninmu,
har Ƙofar Doka bai yi magana ba.

Da rana kam, sai hamdala.
Ciyawar filin ƙwallo shar,
kamar gonakin Shika a tsakiyar damina.
Rumasa'u har gumin mai tsaron gida take ƙirgawa.
Amma Baba a gefe yake shimfiɗa buzunsa,
daga can kuwa fuskoki kan koɗe,
su zama farau-farau da ruwa ya yi wa yawa.
Na ce ya dawo tsakiya.
Ya ce nan ɗin ma ya isa.

Daren Laraba, ana cikin labarai,
aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Ina lalubar makullin inji
sai farin wata ya shigo ta taga
ya kwanta a gefen gilashin da ya mutu.

Baba ya tashi, ya matsa kusa,
ya daɗe yana kallo, kai a karkace,
yadda yakan duba zane a kan igiya.

"Yauwa," ya ce.
"Sai yanzu ya rinu."