Lissafin Mai Sikeli

Daren jiya bayan isha, a Jajeri,
muna kan dakalin Tsalha mai cajin waya,
sai ga wasu taurari sun jero,
ɗaya na bin ɗaya
kamar raƙuma sun doshi kasuwar Maigatari.
Lawandi ya kama salati.
Tsalha ya ce, kwantar da hankalinka, baba,
ba tashin duniya ba ne,
hajar wani attajiri ce ke wucewa.

Haja? A sama?

E, in ji shi, kamfani ne.
Suna sayar da magana, suna sayar da hoto,
har kujera suke sayarwa
ga mai son ya leƙa ƙeyar duniya,
ya yi lilo ba igiya,
ya sauko kafin shayinsa ya huce.

Ni mai sikeli ne.
Shekara ashirin da uku ina awon riɗi da zoɓo ran Alhamis,
abin da bai hau sikeli ba, ba na gane shi.
Sai na tambayi kuɗin kujerar.
Tsalha ya latsa waya ya faɗa,
na tsinci tsinke na durƙusa
ina mai da shi buhu-buhu a ƙasa.
Riɗin Jajeri kaf, da na Matoya, da na Galadi,
na bana, na baɗi, na baɗin baɗaɗa,
na ɗora awakin Yahanasu a kai.
Zanen ya kai ni bakin kwata
ban sayi ko ɗamarar kujerar ba.

A kasuwa in na kafa sikeli
ɗan haraji na tsaye kafin in yi bisimilla.
To su wa ke yankar musu rasit?
Wane ne sarkin kasuwar can?
Saniya ɗaya ta ratsa gonata, sai mun je gaban mai gari.
Waɗannan garke guda ta kan ɗakina, ba sallama.
Wa ya shata musu burtali?

Honarabul Maikwano ma ya ji labari.
Wancan zaɓen famfo ya yi mana alkawari,
allon na nan, tsatsa ta cinye rabin sunansa.
Yanzu ya dawo da lasifika:
zai jawo mana intanet daga sararin samaniya.
Ruwan da ke gaba talatin ƙarƙashin takalminsa ya gagare shi,
sama ce za ta zo masa da sauƙi.
Muka tafa. An raba taliya.

Ba zan yi butulci ba.
Farantin nan da Tsalha ya kifa a kan rufi,
ta nan na ji muryar Nafi'u daga Agadas
bayan wata bakwai shiru,
uwarsa ta kwana tana sake kunnawa.
Ta nan nake jin farashin Dawanau
kafin dillali ya kashe babur.
Sai dai Tsalha ya ce idon da ke can
yana ƙirga koren gonakinmu tun fure bai faɗi ba.
In haka ne, kafin in ɗaure bakin buhu
wani da bai taɓa cin kantu ba
ya riga ya yi masa kuɗi.

Abu guda ya hana ni barci.
Wai a can babu nauyi.
Buhun riɗi da gashin zabuwa duk ɗaya.
In na je da sikelina, allurar ba za ta motsa ba.
Na juya, na sake juyawa, na ce ko shi suke saye:
minti goma
ba nauyin kowa a wuyansu.

Da asuba Uwale ta wuce ta ƙofata
daga rijiyar bayan gari,
jarka a ka, wuya ya lotsa.
Ban ɗora ta a sikeli ba.
Kilo ashirin da biyar ce,
har da murfin.