Kilo Biyu

A Pitowa, ƙarƙashin rumfar kwano,
shekara bakwai ina tsaye gaban sikeli.
Auduga na zuwa fara sol daga gonakin bakin Binuwai,
ni kuma in yanka mata lamba da baƙin biro.

Ranar da na fara, Shef Umate ya dafa kafaɗata,
ya ce, "Kowane ƙunshi ka zare masa kilo biyu.
Na raɓa ne. Auduga akwai shan raɓa."
Ban tambaye shi ina raɓa take a watan Maris ba,
lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema.
Na ce to.
Da to aka ɗauke ni aiki,
da to na yi aure,
da to na yi wa ɗakin uwata rufi.

A nan gaisuwa ma tsani gare ta.
Mai gadi ya rusuna wa magatakarda,
magatakarda ya yi wa ma'aji dariyar da ba ta kai ciki ba,
ma'aji ya haɗiye maganarsa in Shef ya yi tari.
Shi kuwa Shef, in wayar Garwa ta yi ƙara,
zumbur yake miƙewa, shi kaɗai a ofis,
yana gyara wuyan riga
don mutumin da ba ya ganinsa.

Ta wannan tsanin ambulan yake saukowa ƙarshen wata.
Ya taso da ƙiba, kafin ya iso ni ya rame:
jaka biyar, babu suna a bayansa.

Sai wata Alhamis Astajam ta sauke nata ƙunshin,
tsohuwa ce daga Bajengo, gammonta ya baje don tafiya.
Allura ta tsaya cak kan talatin da ɗaya.
Bakina ya ce, "Ashirin da tara."
Ba ta yi faɗa ba. Ta shafa bayan wuyanta,
ta ce, "Ɗana, tun asuba nake ƙarƙashinta.
Wuyan nan bai shiga lakwal ba,
amma bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Na dubi biro, na dubi layin da ke bayanta.
Na soke abin da na rubuta, na sa talatin da ɗaya.
Wanda ya biyo ta ma haka, har la'asar.
Kada ku kira shi jarumta,
hannuna rawa yake yi.

Shef bai ɗaga murya ba.
Ya kira ni ɗakin sanyi, ya zuba mini shayi da hannunsa,
ya tambayi lafiyar matata, har da kiran sunanta.
Ya ce, "Mu nan uwa ɗaya uba ɗaya ne.
Ka gaji, Mamudu. Rana ta yi maka yawa."

Ran Litinin aka mai da ni sito,
ina ƙidayar buhunan da babu komai a ciki.
Albashi bai ragu ba. Takardar ma cewa ta yi ƙarin girma.
Amma da azahar, in an dire tiren shinkafa,
Yerima da Bakari sukan matsa
su bar mini wuri mai faɗi, faɗin da ya wuce zamana.
Ban ga laifinsu ba.
Saboda ni ambulan ɗinsu ya rame a watan nan,
ga shi Bakari na da 'ya kwance a asibiti.

Yanzu Hamajoda ne a sikeli,
yaro ne, ko gemu bai tsayar ba.
Jiya na jiyo shi ta taga yana cewa, "Ashirin da tara,"
da muryar nan mai ladabi
wadda na san inda ya aro ta.

Da dare nakan yi lissafi a zuci:
kilo biyu, sau ƙunshi nawa, sau shekara bakwai,
a cire yini guda.
Abin da ya saura ba ya shiga buhu.
Shi nake ɗauka zuwa gida kullum,
ba gammo.