Lita Ashirin

Da rana ni tela ce a Garin Malam,
ina kalmashe bakin zane, ina zura wa wando zariya.
In an sallame isha'i sai in lulluɓe keke,
in taka zuwa bayan ma'aikatar magajin gari,
ɗakin da a da ake jibge tikitin kasuwa.
Nan gidan rediyonmu yake: tebur, makirho biyu,
ɗaya sai an dafe wayarsa yake magana.

Mu bakwai ne, ba mai albashi.
Lawali malamin lakwal ne, Kyari na gyaran babur,
Yahanazu tana awon jarirai a asibiti.
Abin da gari ya yanka mana a rubuce yake:
ɗakin nan, da man inji lita ashirin duk wata.
Ashirin ɗin ma sai da aka yi gumi.
Ranar zaman kansaloli Alhaji Tanimun ya miƙe,
ya ce, "Kuɗin surutu a gina kwalbati da su,
gaishe-gaishen 'yan biki ba ya tare ruwa."
Ina tsaye a taga, na haɗiye tawa.
Da hannu ɗaya aka rinjaye shi.

Wani dare cikin watan takwas
hadari ya taso ta wajen Mirya.
Ruwa ya sauko kan duwatsu,
bai tarar da ƙasar da za ta sha shi ba.
Kuran ya tafi, rezo ya bi shi.
Kyari ya ja igiyar inji har sau shida,
ya karkata jarka: saura lita huɗu da ɗan kurɓi.

Na zauna, ruwa har idon sawu.
Na ce, mutanen bakin tabki, ku fito.
Kada ku tsaya kwance akuya, ku yanke igiya.
Ku bar jikin garu, ginin ƙasa ya sha ya ƙoshi.
Magajin gari ya aiko, an buɗe lakwal ta kan tudu,
maigadi na ƙofa da fitila.
Ina faɗa da Hausa, Kyari na mayarwa da Barbarci.

Sai ga mutane da ƙafa, saƙo a baki.
Ana neman amalanke, wata tana naƙuda.
An tsinci yaro mai jar riga,
ya ce sunansa Ila, bai san na babansa ba.

Wajen ƙarfe biyu aka buga ƙofa.
Alhaji Tanimun, ba hula, takalmi ɗaya.
Bai dube ni ba, makirhon ya duba.
"Innata. Ɗakinta ya faɗi, ba ta ciki."
Na dafe masa waya, na ce faɗi da bakinka.
Mutumin da tun da ya yi wayo bai ambaci sunan uwarsa ba
ya faɗe shi sau uku, gari na ji:
Barira. Barira. Barira.

Inji ya yi tari ya mutu kafin assalatu.
Muka zauna a duhu, ba mu san wa ya ji ba.

Da gari ya waye wani mai jaki ya zo,
ɗan rediyo rataye a wuyansa da tsumma.
Ya ce tana rumfar mai niƙa,
lafiya lau, ta ƙi sakin kazarta.

Zama na gaba Alhaji ya sake miƙewa.
Kwalbati, ya ce.
Ni da kekena ya yi tsatsa a daren nan
ban ga ƙaryarsa ba.
Ya gyara murya ya ce, da lita talatin.
Ma'aji ya buɗe littafi ya rufe.
An bar mu a ashirin.

Amma an sayo wa makirho sabuwar waya.
Yanzu ba sai an dafe ba,
sai dai hannun nan ya saba,
ina cikin karanta sanarwar suna
in ga ya tafi can da kansa.